Gyaran Kuloci Mai Aiki da Mai Sa'ad da Aka Sauke Giyabos

Kowa ya tsaya bakin babbar hanyar nan da ta taso daga Funtuwa, ta bi ta Tsafe da gindin dutsen Kwatarkwashi, ta ratsa Gusau, ta wuce Bunguɗu zuwa Sakkwato, zai ga yawancin motocin da ke ɗaukar jama'a da kayan amfanin gona masu giyar hannu ne, watau irin waɗanda direba ke da feda uku a ƙarƙashin ƙafafunsa. Ta dama totur, ta tsakiya birki, ta hagu kuwa ita ce kuloci. Totur da birki ko yaro ya san amfaninsu. Amma kuloci ba a cika tunawa da shi ba, sai ranar da mota ta tsaya tsakiyar daji, direba yana ta kokawa da giya, ita kuwa tana ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. A da irin wannan tsayawa ɓata lokaci ce kurum, a sauka a sha iska a jira taimako. Tun da 'yan bindiga suka addabi wannan hanya a shekarun nan kuwa, musamman tsakanin Tsafe da Yankara, ba wanda ke so magariba ta riske shi a kanta cikin motar da ta ƙi shiga giya.

Mu da muke koyon aikin malanta, cikin waɗannan motoci za mu riƙa zuwa makarantun da za a tura mu, cikinsu kuma iyayenmu ke kai hatsi kasuwa. Don haka muka ga ya kamata mu yi wa 'yan'uwa bayanin wani ɓangare na gyaran mota wanda ake yawan yi masa riƙon sakainar kashi, watau gyaran hanyar man kuloci a ranar da aka sauke giyabos. Ba nufinmu mu mai da kowa makanike ba ne. Abin da muke so shi ne mai mota ya san abin da zai tambaya in ya je gareji, malami kuma ya sami misali mai kyau na koya wa yara halin ruwa da iska.

Da farko dai, mene ne aikin kuloci? Injin mota, muddin an tashe shi, juyawa yake yi ba hutawa. Ƙafafun mota kuwa wani lokaci ana so su tsaya, wani lokaci ana so a sauya musu giya. Saboda haka lalle ne a sami abin da zai haɗa inji da giyabos in an so, ya kuma raba su in an so. A bayan inji akwai wani faifan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa tare da shi, ana ce masa fulawil. A jikinsa ake ɗora farantin kuloci, wanda ke da fata mai kaushi gaba da baya irin ta birki, tsakiyarsa kuwa a zure take a kan sandar da ta fito daga giyabos. Sa'an nan a kifa musu wani murfi mai sifirin mai ƙarfin gaske, wanda ke matse farantin a jikin fulawil. In an matse, su uku sai su juya kamar abu ɗaya, ƙarfin inji ya wuce zuwa ƙafafu. In direba ya taka feda, sai wani boris ya danna tsakiyar sifirin ɗin, murfi ya saki faranti, inji ya yi ta juyawarsa shi kaɗai. Duk waɗannan kaya suna ɓoye ne cikin bakin giyabos, wanda ke da faɗi da zurfi kamar ƙwarya, an kifa shi a bayan inji an ɗaure da notuna. Ba hannun da ke isa can sai an sauke giyabos ɗungum.

To, yaya takun direba ke isa ga wannan boris? Hanya biyu ce. Ta farko waya, kamar ta birkin keke, ita ce ke jikin yawancin ƙananan Golf ɗin nan na haya. Ta biyu mai. Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, da mai kulocinta ke aiki, haka Toyota Hiace, haka Sharan da ke jigila tsakanin Gusau da Kaduna da Kano. Man kuwa shi ne dai man birki da kowa ya sani.

Asalin wannan hikima tsohuwa ce, ta girmi mota nesa ba kusa ba. Wani masani Bafaranshe, Blaise Pascal, wanda ya rasu a 1662, shi ya bayyana cewa in aka kulle ruwa cikin mazubi aka danna shi a wuri guda, dannin nan zai isa ko'ina cikin mazubin ba tare da ya ragu ba, ko da hanyar ta yi kwana goma. Dalili kuwa ruwa ba ya matsuwa. A 1795 wani Baturen Ingila, Joseph Bramah, ya ƙera injin matsa kaya bisa wannan ƙa'ida. Wajen 1918 wani Ba'amurke, Malcolm Loughead, ya yi birkin mota mai aiki da mai, a 1921 kuma aka fara sayar da motar Duesenberg da irin wannan birki a ƙafafunta huɗu. Daga birki ne dabarar ta gangaro kan kuloci.

Ga yadda abin yake. A saman feda akwai wata 'yar silinda mai fistin a ciki, ana ce mata masta, ko kulocin sama, tana shan mai daga wani ɗan tulu na roba da ke gaban mota. Daga masta bututu ya tafi, rabinsa ƙarfe rabinsa tiyo, zuwa wata silinda a wajen giyabos, watau kulocin ƙasa. Direba ya taka, fistin na sama ya tura mai, mai ya tura fistin na ƙasa, shi kuma ya tura wani ƙarfe mai kama da gwafa, gwafa ta tura boris.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya mu yi lissafi, gama sai da lissafi za a gane abin da ya sa ƙaramin aibi ke kayar da babbar mota. Adadin da za mu kawo misali ne kurum, kowace mota da nata, amma ba su yi nisa da na ainihi ba. Mu ƙaddara direba ya taka da ƙarfin kilo 10. Feda doguwa ce, tana riɓa ƙarfi sau 5, ya zama kilo 50 a kan fistin na sama. Mu ce faɗin fuskar wannan fistin santimita murabba'i 2 ne, na ƙasa kuwa 3. Kowace santimita ta sami kilo 25, saboda haka fistin na ƙasa ya tura da kilo 75. Gwafa ta riɓa wannan sau 2, ya zama kilo 150 a kan boris, watau nauyin buhu ɗaya da rabi na masara. Ashe ƙafa ta sami riɓi goma sha biyar. Amma fa ba a samun riɓi a banza, abin da aka samu a ƙarfi an biya shi da tafiya. Feda ta yi tafiyar santimita 15, fistin na sama ya yi 3, na ƙasa ya yi 2, boris kuwa santimita ɗaya tak. Man da ya motsa duka bai wuce cokalin shayi ɗaya da ɗan ɗori ba. A kan wannan cokali guda rayuwar giya ta rataya.

Yanzu a ce iska ta shiga bututu. Iska ba halinta ɗaya da ruwa ba, ita tana matsuwa. Robert Boyle ya nuna a 1662 cewa in ka ninka danni a kan iska sau biyu, girmanta zai koma rabi. Dannin da ke cikin bututun kuloci, bisa lissafinmu, ya kai ninki goma na iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota. Ƙwayar iska in ta gamu da wannan danni sai ta ƙanƙance har ta kusa ɓacewa, kuma duk wurin da ta bari mai ne zai cike shi, maimakon ya tafi ya tura fistin. In iskar ta kai sulusin cokalin nan, to sulusin takun direba ya tafi a banza. Boris ba zai kai inda ya kamata ba, faranti ba zai saku sarai ba, giya ta yi ta gurnani, musamman giya ta ɗaya da ribas. Direba ya ji feda ta yi laushi kamar ya taka soso.

Malamin da ke son nuna wa yara wannan ba ya bukatar mota. Ya sami sirinji biyu marasa allura, babba da ƙarami, ya haɗa su da tiyon ƙarin ruwa, ya cika da ruwa. Yaro ɗaya ya danna ƙaramin, wani ya tare babban da yatsa, zai ji an fi ƙarfinsa. Sa'an nan a bar iska kaɗan ta shiga a sake gwadawa. Gani ya kori ji.

Mu koma ga kulocin ƙasa, gama shi ne gindin maganarmu. Iri biyu ne. Na farko yana ɗaure a wajen ƙwaryar giyabos, ana ganinsa da ido, kamar na Hiace da 504. In ya lalace ko a bakin hanya sai a kwance shi a sa wani, ba a taɓa giyabos ba. Na biyu kuwa masu ƙera motoci sun kawar da gwafa, sun haɗa silinda da boris sun zama abu ɗaya mai kamar zobe, sun zura shi a kan sandar giyabos can cikin ƙwarya. Irinsa ne a Sharan da Ford Galaxy, da Opel Vectra wadda aka fara yi a 1995, da Ford Focus. Wannan iri yana da taushin taku, kayansa kuma ba su da yawa. Aibinsa ɗaya ne, amma babba. Robar da ke tare mai a cikinsa ba ta fi zoben hannu kauri ba, kuma ranar da ta gaji, sai an sauke giyabos kafin a kai gare ta. Kafin a ankara ma man da ta zubar ya jiƙa faranti ya ɓata shi.

Abin da muka sha gani ke nan, kuma shi ya sa muka ɗauki alkalami. Mota ta zo gareji faranti ya cinye. A kwance batir, a cire ƙafafun gaba da sandunan da ke juya su, a tallafe inji, a yi wuni ana fama har giyabos ya sauka. A sa sabon faranti. Makanike ya duba zoben nan ya ce, "Alhaji, wannan ma a sake shi." Mai mota ya juya shi a hannu, ya ga ba ya yoyo, ya tuna kuɗin da ya riga ya kashe, ya ce a mai da shi haka nan. Ba mu ga laifinsa ƙwarai ba, gama kuɗi ba a tsintarsu. Amma lissafinsa bai fita ba, ga dalili. Sa'ad da faranti ke cinyewa a hankali, yatsun sifirin suna tasowa, suna tura fistin baya kaɗan kaɗan, har robar ta saba da wani wuri a cikin silinda ta goge shi sumul. Sauran wurin da ba ta bi kuwa datti da tsatsa sun kwanta. Ran da aka sa sabon faranti mai kauri, fistin ya koma aiki a wancan wuri mai kaushi, tsohuwar roba da ta riga ta bushe ta hau kansa. Ba safai take daɗewa ba. In ta fashe, sai a sake biyan kuɗin sauke giyabos, a sake sayen faranti, a yi asarar kwanakin aiki, in ma Allah ya sa a cikin gari ta fashe ke nan. A ganinmu duk motar da kulocin ƙasanta ke cikin ƙwarya, ranar da aka sake faranti ranar ce za a sake shi, ko yana yoyo ko ba ya yi. In kuɗi sun gaza, gara mota ta ƙara kwana biyu a gareji a nemo cikon.

Amma kafin a kai ga sauke giyabos, wajibi ne a tabbata cutar tana ciki, don sau da yawa tana waje. A fara duba tulun mai. A motoci da yawa tulu ɗaya ne birki da kuloci ke sha, sai dai an sa bakin kuloci sama da na birki da gangan, don in mai ya ragu kuloci ya fara gazawa birki na nan. Saboda haka kulocin da ya yi laushi ba dalili yana iya zama gargaɗi ne cewa birki ke yoyo. A leƙa ƙarƙashin sitiyari a shafa sandar da ta shiga masta, in da danshi, kulocin sama ne ke zuba. A sa giya ta ɗaya, a taka feda har ƙasa a riƙe. In bayan ɗan lokaci mota ta fara jan jiki da kanta, mai yana zillewa ta gefen roba, ko a sama ko a ƙasa. In an taka sau huɗu ko biyar da sauri giya ta shiga lafiya, iska ce. In kuwa inji yana ihu a kan hawa mota ba ta gaba, faranti ne ke sulɓi. Sai in an ga mai na ɗiga daga gindin ƙwarya, ko an tabbata faranti ya ƙare, sa'an nan a ɗauko sufana.

Wajen saukewa ba za mu tsawaita ba, makanikai sun fi mu sani. Abu ɗaya dai za mu roƙa, kada a shiga ƙarƙashin motar da ke tsaye a kan jak kaɗai, ko a kan bulo da duwatsu. Giyabos ba ya sauka sai an girgiza shi, girgizar nan kuwa ita ke ture mota. A sa ƙafafun ƙarfe ko gungumen itace mai faɗi, ko a yi aikin a kan rami.

Da an raba giyabos da inji, akwai doka guda wadda ya kamata a gaya wa kowane yaron gareji, har da mai motar da ke son zama a kujerar direba yana jira: kada a taka kuloci. Fistin na ƙasa ba shi da abin da ke tsai da shi sai sifirin ɗin murfi. In murfi ba ya gabansa aka taka, sai ya yi tsalle ya fita daga silinda, roba ta yage, mai ya watse. In silindar ta waje ce, a kwance ta ba tare da an cire tiyo ba, a ɗaure bakinta da waya, a rataye ta gefe, kada a bar nauyinta a kan tiyo. In ta ciki ce, a toshe bakin bututu da abu mai tsabta. Mai hankali ma yakan sa guntun katako a ƙarƙashin feda.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tun da ƙwarya ta buɗe, sai a karanta abin da ke cikinta kafin a goge. Busasshiyar ƙura baƙa ba komi ba ce, cin faranti ne. In da jiƙa, a san ko wane mai ne, gama mai uku ke iya zuwa nan. Baƙin mai yana fitowa daga bayan fulawil, in robar gindin inji ta gaji. Man giya yana da kauri da wari mai hawa kai, yana biyo sandar giyabos. Man birki kuwa tsinkakke ne, kuma in ka zuba masa ruwa sai su gauraya ya wanke, sauran biyun ba sa yarda da ruwa. Duk wanda aka samu, a toshe hanyarsa a yau, in ba haka ba sabon faranti zai sha abin da tsohon ya sha. Farantin da ya sha mai kuwa ba ya wankuwa. Waɗansu sukan wanke shi da fetur su shanya, har su babbaka shi da wuta, ya yi kamar ya warke, amma da ya ɗauki zafi sai man da ke cikin fatar ya sake tsattsafowa.

Ƙurar nan kuma kada a hure ta da baki ko da iskar famfo. Tsofaffin faranti, da waɗansu masu araha, akan sami asbesto a fatarsu, wani ma'adini mai zare wanda ke maƙalewa a huhu ya jawo ciwon daji bayan shekaru masu yawa. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana amfani da shi gaba ɗaya tun 2005. A jiƙa tsumma a goge, a yar da tsumman.

Sabon zoben ciki yana da nasa ladabi. Mutane suna son su matsa shi da hannu su ji ƙarfin sifirin ɗinsa tun a shago, wannan kuwa yana iya naɗe robar tun ba a sa mai ba. A bar shi yadda ya zo. A goge mazauninsa tas, gama ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashinsa ta isa ta karkatar da shi. A waɗansu motoci akwai wata robar a bayansa mai tare man giya, ita ma sabuwa za a sa. Notunansa ƙanana ne, a ɗaure su bi da bi, kaɗan kaɗan, kada a sa ƙarfin da ake sa wa notin taya. Na gwanjo kuwa, wanda aka ciro daga wata motar, a nan dai araha ba ta ado, don ba mai iya ganin robar da ke cikinsa. In silindar waje ce ta ƙarfe, ana iya buɗe ta a duba. In cikinta sumul yake, sabuwar roba ta isa. In tsatsa ta yi masa ramuka, kowace roba aka sa za ta yage. A duba gwafa ko ta tsage, da ɗan ƙarfen da take juyawa a kansa, a shafa musu giris kaɗan, a sake boris.

Kada a manta da sama don ana aiki a ƙasa. Masta da silindar ƙasa tare suka tsufa, mai ɗaya suka sha, in ɗaya ya gaji ɗayan ma yana hanya. Sai dai shi masta ana iya sake shi kowace rana, saboda haka in aljihu bai kai ba shi ne zai jira. Tiyo ma a lanƙwasa shi a duba. Wanda ya tsattsage ko ya kumbura yana cin taku kamar yadda iska ke ci, wani kuma yakan ruɓe ta ciki ya hana mai komowa, faranti ya yi ta sulɓi ba a san dalili ba.

Sai maganar mai, wadda ita ce aka fi wasa da ita. A kan murfin tulu an rubuta irin da motar ke sha, galibi DOT 3 ko DOT 4. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205 a ma'aunin Salshiyas, DOT 4 kuwa 230, alhali ruwa a 100 yake tafasa. Amma wannan mai yana da wani hali, yana shan danshin iska kamar gishiri da damina. In ruwan da ya sha ya kusa kashi 4 cikin 100, sai DOT 3 ya tafasa a wajen 140, DOT 4 a 155, kuma ruwan nan shi ke sa tsatsa cikin silinda. Ku tuna zoben ciki yana zaune ne kusa da faranti, a motar da aka yi wa lodi fiye da kima, cikin zafin Afrilu, direba yana rabin kuloci a kowane rami da kowane shingen bincike. Don haka masu ƙera motoci da yawa suka ce a sake mai duk shekara biyu. Man da ake tsiyayowa a kwalabe marasa murfi a bakin tasha, wanda ya sha danshin Agusta da ƙurar hunturu, ba abin zubawa a sabuwar silinda ba ne. A sayi gwangwani a rufe, a buɗe shi a gaban mai mota. Akwai kuma DOT 5, wanda asalinsa dabam ne, ba a gauraya shi da waɗancan. Baƙin mai, da man giya, da fetur, da kananzir kuwa, ko ɗigo kada ya shiga, ko da wajen wanke kaya ne, gama robar da aka yi don man birki kumbura take yi in ta taɓa su, ta yi laushi kamar ƙullu. Da man birki mai tsabta ake wanke kayan kuloci. A kiyaye shi daga fentin mota, yana cinye shi, a kuma ɓoye shi daga yara, dafi ne.

Wajen mayarwa, a daidaita faranti a tsakiyar fulawil da tsohuwar sandar giyabos kafin a ɗaure murfi, a lura da fuskar da aka rubuta ta kalli inji ko giya. Giris a kan haƙoran sanda ɗan kaɗan ne, abin da ya yi yawa juyi zai watsa shi kan fata. A ɗaga giyabos a saitin inji a tura shi har ya zauna da kansa. In ya ƙi, a juya sanda kaɗan a sake. Masu gaggawa sukan jawo shi da dogayen notuna, nan take kuwa faranti ke lanƙwashewa ko sabon zobe ya tsage, ba kuwa za a sani ba sai an gama ɗaure komi.

Saura fitar da iska. Aikin mutum biyu ne, ɗaya a kujera ɗaya a ƙasa wajen ɗan notin iska da ke jikin silinda. A sa siririn tiyo a bakin notin, a tsoma ɗaya bakin cikin kwalba mai ɗan mai a gindinta. Maigida ya ce, "Taka!" Yaro ya taka a hankali ya ce, "Na taka, maigida." A buɗe noti, mai da kumfa su fito, a rufe, sa'an nan a ce, "Saki!" In yaro ya saki kafin a rufe, iskar da aka kora sai ta komo. Sau da yawa feda takan kwanta ƙasa, sai an ɗago ta da hannu. A riƙa cika tulu har baki bayan kowane taku uku ko huɗu, don bakin kuloci yana sama, tun tulu na da saura yake fara shan iska. Wata motar bututunta yana da ƙusumbi inda iska ke laɓewa ta ƙi sauka. A irin wannan sai a juya aikin, a cika babban sirinji da mai a tura ta notin ƙasa, iska ta hau sama yadda halinta yake, ta fita ta tulu.

Shawararmu ita ce a yi wannan da zarar an ɗaure giyabos a jikin inji, tun ba a mai da sauran kaya ba. A taka feda sau ashirin ko talatin, a riƙe ta ƙasa na minti ɗaya, a leƙa gindin ƙwarya da tocila. In akwai kuskure, a nan saukewa ba ta da wuya. In ƙwarya a bushe take, feda kuma ta yi tauri tun daga sama, sai a gama haɗawa, a zuba man giya, a tashi inji, a gwada ribas da fari, gama ita ce ba ta rufa wa kuloci asiri. Daga nan a fita gwaji ba lodi, daga Gusau zuwa Bunguɗu a komo, da rana tsaka, ana sauya giya a kai a kai, a gwada birki ma tun da tulunsu ɗaya. Da dare a shimfiɗa kwali a ƙarƙashin giyabos, a yi alama a jikin tulu inda mai ya tsaya. In gari ya waye kwali a bushe, mai kuma yana kan alamarsa, to a ɗauki fasinja a kama hanyar Tsafe.